Iya Ruwa

Shekarata hamsin da uku
ranar da na fara tsoma ƙafa
a ruwan da ya fi ƙarfin bokiti.
Talata ce, a Bradford, ƙarfe bakwai na yamma,
lokacin da ake rufe wa maza ƙofa
a saki labule a kan gilashi.

Rigar na saye ta a ɓoye, baƙa, doguwa, mai santsi.
Na ce wa ɗiyata Zulai zan je duba mara lafiya.
Ban yi ƙarya sosai ba.

Ina 'yar shekara shida
kududdufin bayan gidanmu a Funtuwa ya haɗiye Tanimu.
Bayan la'asar aka fito da shi, laka har cikin baki,
takalminsa ɗaya na bakin ruwa yana jiran sa.
A daren Inna ta tara mu, ta ja layi a ƙasa da yatsa:
"Mu ba jinin ruwa ba ne."
Na ƙulle maganar a haɓar zane.
Da ita na haye teku a jirgi, ido rufe.
Shekara ashirin da ɗaya ina yi wa tsofaffin Turawa wanka,
ina gwada ɗumin ruwa da gwiwar hannu,
ina ce wa kowace, kada ki ji tsoro, ina riƙe da ke.
Ni kuwa ko gada zan haye, tsakiya nake bi.

Malamar sunanta Moira,
gajeruwa, gashi kamar audugar rimi, jikokinta huɗu.
Ta ce in kwanta rigingine.
Na ce, baiwar Allah, a kan me?
Ta ce a kan ruwa.
Na yi dariyar wanda aka ce ya jingina da hayaƙi.

Mako uku ina damƙe da ƙarfen bango
har yatsuna suka sandare.
Ruwan da na sha, mai warin maganin wanki,
zai cika tulu ya yi saura.
Wata 'yar Somaliya, da tsohon ciki,
tana wuce ni kamar tarwaɗa, tana murmushi.
Na ji haushinta. Allah Ya yafe mini.

A mako na huɗu
Moira ta sa tafinta a ƙarƙashin ƙeyata.
Kunnuwana suka nutse, duniya ta ɗauke murya,
sai ƙirjina, kamar ana daka a maƙwabta.
Ina kallon rufi, ina ƙirga fitilu.
Ta bakwai ta mutu.
Ina cikin tunanin wa zai hau ya canza ta
na hango Moira can nesa,
hannuwanta biyu a sama, babu kome a cikinsu.

Babu mai riƙe da ni.

Na firgita, na shaƙi ruwa, na yi ta tari,
ƙafata ta lalubo ƙasa.
Sai na ji bakina ya ce, Tanimu.
Shekara arba'in da bakwai ban kira sunan ba,
ga shi ya fito da ruwa ta hanci.

Inna, ba jini ba ne.
Tsoro ne kika raba mana da ludayi,
don shi ya rage miki a tukunya ran nan,
kuma ban ga laifinki ba.
Amma na ƙoshi.

An ce iya ruwa fid da kai.
Ban taɓa tambaya ba, wane kan, daga ina.
Ashe akwai wata yarinya tsaye a bayan layinki
tun ran nan, ƙafa ba takalmi,
ba ta girma ba, ba ta kuma mutu ba.
Ita na ɗauko. Ba ta da nauyi.

Na koma na kwanta da kaina.
Na ƙirga fitilun har ƙarshe, goma sha biyu ne.

A bas ɗin komawa ɗankwalina na ɗiga a kafaɗa,
sanyin Nuwamba na cizon kunne,
yunwa nake ji irin ta yarinta.
Zulai ta buɗe ƙofa, ta dubi jajayen idanuna,
ta ce, Mama, ya mai jikin?

Na ce, da sauƙi.
Talata ma zan koma.