Kwalbar da ke Gindin Randa

A Mai Wurno, bayan masallacin masunta,
inda ƙarnin kifi ke riga baƙo yin sallama,
akwai randa a gidanmu da ba a barin ta bushe.
A gindinta, cikin jiƙaƙƙen tsumma,
kwalbar allurar Baba ke kwana.
Ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba,
amma ta cinye komarmu biyu,
ta haɗa da akuyar Inna.

Wuta ta tafi tun watan azumi,
firijin kemis ya zama ma'ajin takarda.
Ciwon sukari bai ji labarin ba,
shi kullum yana bakin aiki.

Mutumin da ya shekara arba'in kan Nilu,
ya san makwancin giwan ruwa daga nan har Sinnar,
yau ƙaya ta kwana uku a tafin ƙafarsa
bai sani ba,
sai da ƙudaje suka gaya mana.

Bara kwalba kwandon kifi ce.
Bana kwando biyar.
Jiya na tambayi Tijjani mai kemis,
ya daɗe yana kallon rufi kafin ya faɗa.
Shafinmu a littafin bashi ya cika,
ya juya baya, bayan ma ya cika.
Ya ce, "'Yar Sambo, ni ma saya nake,
kuma kowane shinge a hanya da bakinsa."

Likita ya rubuta ashirin,
Baba na zuƙar goma,
in na kalle shi ya ce idonsa ne.
Ba idonsa ba ne.
Lissafin tuwonmu yake da tsinin allura.

Ranar bakwai ɗin Malam Jibo,
bayan isha, jikansa ya ƙwanƙwasa ƙyaure
da kwano rufe da faifai.
Muka ɗauka wainar sadaka ce.
Auduga ce jiƙe,
kwalba uku a kwance kamar ƙwan kurciya,
sunan mamaci a jikin kwalin.
Goggo Kubura na takaba, ba ta fita,
saƙonta kawai ya iso:
"Ya tafi bai ƙarar ba,
ƙasa kuwa ba ta shan magani."

Da safe na kai wa Ihlas, nas ɗin shan magani.
Ta ɗaga su ga rana ɗaya bayan ɗaya,
guda ta gurɓace, ta yar,
biyu ta miƙo min ba magana.
Kashegari ta sayi randa da albashinta,
ta kafa a barandar asibiti.
Tun ranar take zuwa gaisuwar mutuwa
da jaka wofi a hammata.
In an shafa fatiha sai ta sunkuya,
ta raɗa wa uwargida, "In akwai saura."
Wasu su kawo har da sirinji,
wasu su ce ba ta da kunya.

Baba da Malam Jibo ba sa ga-maciji,
shekara ashirin, kan ragar da ta yage.
Yanzu kowace asuba yakan tsuke fatar ciki,
ya soka,
ya karanta masa ƙulhuwallahu uku.

Ƙafar ta fara kamewa.
Ni ce ban warke ba.
Jiya lasifikar masallaci ta yi gyaran murya,
aka ce wane ya rasu, jana'iza bayan azahar.
Kafin harshena ya kai ga innalillahi
na ji zuciyata na tambaya:
wane ciwo ne ya kashe shi?

Na zauna gindin randa,
na sa hannu, tsumman ya fara bushewa.
Na ɗebo ruwa na yayyafa.
Saura kwana tara a kwalbar,
goma sha takwas in Baba ne ya auna.