Katangar Maƙabarta

Dattijo Savarimuthu, ka aika a kira ni da cebur,
wai ruwan damina ya kayar da katangar maƙabarta,
in tashe ta kafin Lahadi.
Na zo. Ga cebur can jingine da tsamiya.
Yau bakina ne zai yi aikin.

Kakana ya aza tubalin farko na katangar nan.
Ladansa mudu uku na shinkafa,
aka ajiye masa a ƙasa
don kada hannu ya taɓa hannu.
Da ya rasu, bayanta aka kai shi,
gefen da ruwan kwata ke kwana.

Shekara talatin ina bencin baya, kusa da takalma.
A teburin Ubangiji ƙoƙo biyu ne,
na azurfa naku, na dalma namu.
Jinin wa ke cikin na biyun?

Kai fa ka koya mini bishara,
ƙarƙashin bishiyar kwakwa, ina yaro mai majina.
Kai ka ce ya miƙa hannu ya taɓa kuturu,
ya sha ruwa a gugan matar da ake ƙyama.
Muryarka na rawa a ranar.
Laifina ɗaya, na yarda da kai.

Ka ce al'ada ce, a bi a hankali,
masu gonaki za su janye zakkarsu,
rufin coci kuma na yoyo.
To, ya yi ta yoyo.
Ko mun jiƙe tare sau ɗaya.

Da asuba na leƙa ramin harsashi.
Laka ta zame, saiwar tsamiya ta ratsa gefe biyu,
ƙasusuwa sun cakuɗe kamar itacen girki.
Wanne ne na mahaifiyarka, wanne na kakana?
Sauko ka tantance, zan riƙe maka fitila.

Matata Arokiam ta ce bakina zai hana mu tuwo,
ba mai sake ba ni gini daga nan har Madurai.
Wataƙila.
Ba don na fi ka tsarki nake magana ba,
ni ma na yi shiru shekara talatin,
har na yi wa katangar nan yaɓe sau biyu.

Tubalan da suka zube kuwa, na ƙirga, tamanin ne.
Sun isa matakala a ƙofar gaba.
Tsohuwa Jebamalai gwiwarta ta gaji da zagaye.