Gani Ya Kori Ji

Takardar ta zo ran Alhamis bayan la'asar:
daga Litinin kowa ya dawo biro,
ƙarfe takwas, a sa hannu a bakin ƙofa.
Na karanta sau biyu.
Iya na kan tabarma tana gyaran zogale,
abin awon jininta na rataye a ƙusa.

Shekara biyu da wata huɗu
ina lissafin kamfani daga ɗakin nan na Burja.
Aya ta fita, riɗi ya shigo,
ko dala ba ta taɓa ɓata a hannuna ba.
Tsakanin shafi da shafi nakan ɗaga kai:
Iya, kin sha ƙwayar safe?
Iya, wa ya zuba miki gishirin nan?

Ni ce rariyar gidan.
Duk abin da waya ta kwaso, ta kaina yake bi.
Wannan ya ce tafarnuwa bakwai da kanwa a ruwan zafi,
waccan ta ce maganin likita ke cinye ƙoda,
wani mai tari, ba suna, ba gari,
ya rantse ya tada mutum dubu cikin kwana uku.
Nakan ce, wa ya faɗa?
In an sha an faɗi, ƙofar wa za a buga?
Sai in buɗe shafin ma'aikatar lafiya in karanta mata,
in abin ya shige mini duhu in kira Majo Habsu.
Iya ta taɓe baki:
ke dai tun kina goye ba ki yarda da kowa.

Litinin.
Ɗan kabu-kabu ya karɓi dala sittin,
ya sauke ni gaban teburin da na bari,
na kunna na'urar da na ɗauko daga gida,
na ci gaba daga buhun da na tsaya.
Darakta Lawali ya tara mu ƙarƙashin fanka:
ni ban san aikin da ba na gani ba,
gani ya kori ji.
Muka ce, haka ne.

Kafin azahar wayoyinmu suka yi ƙara tare.
Shi ne ya turo, don Allah a yaɗa:
mai tarin nan ne dai,
da tafarnuwarsa da kanwarsa.

Ni da na ba shi lissafi ba gyara,
sai ya ga ƙeyata kafin ya yarda.
Murya marar fuska kuwa,
ya buɗe mata ƙofa har ɗakin uwarsa.

Na kira gida. Shiru.
Na sake. Shiru.
Lambobi suka riƙa iyo a gabana.
A na huɗu Sha'aibu ya ɗauka,
ɗan shekara goma, bakinsa cike da ƙuli:
Iya ta aike ni sayen kanwa.
Ka sayo?
A'a. Na ce mata, wa ya faɗa?
Me ta ce?
Ta jefe ni da mafici, wai na gado baƙin hali.

Na yi dariya har maƙwabcin teburina ya juyo,
ban gaya masa ba duka dariya ba ce.

Da magariba na ɗaura mata abin awo.
Goma sha shida. Jiya sha huɗu ne.
Ƙwayar safe na nan a murfin kwano,
ba wanda ya tuna.
Na ɗauki gawayi na rubuta lambar Majo a bango,
manya-manya, daidai tsayin Sha'aibu.

Iya na kallona.
Gobe ma za ki?
Gobe ma.
To, bar mini yaron nan, ta ce,
amma ki ja masa kunne ya rage tambaya.

Ban ja ba.