Mai Ido Ukku

Akwati tara na ƙarfe, tsatsa ta cinye makullansu,
sunka iso mana a bayan a-kori-kura
daga ɗakin da ya rasu, can unguwar Marina.
Ni anka miƙa ma rajista da biro.

Na buɗe na farko, wari ya tarbe ni,
tsami irin na kunun da ya kwana biyu.
Shugabanmu ya ce haka fim ke ruɓewa.
Ashe hoto ma da ajalinsa.

Gaetano Bellomo, in ji fasfo.
Sakkwatawa ba su da lokacin murɗe harshe,
sunka ce Mai Ido Ukku.
Kamfanin titi ya kawo shi awon kwalta,
kamfani ya naɗe tabarma ya koma,
shi ya sayi buta da kujera 'yar tsugunno.

Na ɗaga baƙin fim saitin taga.
Nan ciki duniya a juye take:
majema farare fat, haƙoransu gawayi,
inuwar giginya kamar an zubar da nono,
fatun jar akuya shanye bisa igiya,
shekara hamsin, ba su gama bushewa ba.

Bayan kowane kati ya sa suna
da Hausarsa mai ɗingishi:
"Bawa Baduku, yana dariya ni."
Ban gyara ba.
Na kwafe ta da ɗingishinta.

Ran Laraba Inna Tumba ta rako jikanta,
ta zauna bakin ƙofa tana ɓare goro.
Munka kunna majigi.
Wani saurayi ya tsallake rijiyar baba, ba sauti,
hannuwansa shuɗi ne ko da fim bai san launi ba.
Ta miƙe. "Ku tsaya! Wanga Ladan na!
Ni da sanda na san shi.
Ashe ya yi ƙafa haka?"
Sau biyar munka maido mata shi,
har janareta ya shanye mai.

Hoto dubu huɗu da ɗari biyu da sha ɗaya,
fuskar mai su babu ko a guda.
Sai inuwa, siririya, kwance bakin karofi,
gwiwar hannu biyu ɗage kamar mai kabbara.

Ita ma na ba ta lamba.
Da na zo gurbin da anka ce "garinsu",
fanka ta juya, ta juya,
biro na hannuna.
Na rubuta: Marina.