Ciwon da ke Ɓuya Gaban Likita

Ba ta mutuwa a gida.
Sai ta bari mun hau gadar Kwangila,
tirela a baya, 'yan acaɓa hagu da dama,
sannan ta yi tari biyu, kamar mai neman izinin magana,
ta yi tsit.

In murza makulli, kirr, kirr, ta ƙi kamawa.
In fito in ɗaga bonet, in zuba wa inji ido
kamar na san abin da nake kallo.
Minti goma, ban taɓa komai ba,
in sake murzawa: ta tashi garau,
har da fara'a.

Fijo ce ruwan toka.
Mahaifina ya saye ta da kuɗin sallamarsa na reluwe,
ta girmi aurena, ta girmi furfurata.

Barau bakanike na Agoro ya ce fulogi ne.
Muka sa huɗu sababbi.
Kwana shida tana biyayya,
ran na bakwai, a Ƙofar Doka, da buhun masara a baya,
ta tuna halinta.
Ya ce to kafireto.
Ya baje shi a kan kwali, ya wanke da fetur,
ya hura da baki, ya tofar,
ya ce yanzu kam har Kaduna.
Ko Ɗanmagaji ba mu kai ba.

Cindo rewaya ya ce wuta ce ke yankewa.
Ya kankare kan batir, ya ɗaure wata waya,
ya dafa koyil da bayan hannu
kamar mai duba zazzaɓin yaro.
Ya ce wannan in ya ɗau zafi gardama gare shi.
Na sayi koyil.

Abin da ya fi cin rai:
a gabansu ba ta taɓa yi ba.
Sai ta kwantar da murya, sumul,
ciwon da ke warkewa a ƙofar asibiti.
Har Barau ya fara kallona
kamar ni ne mai lalurar.

Hajo ta ce baki ne, a sayar.

A Muciya aka nuna mini Baba Jatau,
tsohon direban roka, hannu na rawa.
Bai ɗauki sifana ba. Tambaya ya yi ta yi.
Da sanyin safe ko rana tsaka?
Tanki cike ko saura kaɗan?
A hawa ko a gangara?
Tana fizga tukuna, ko ɗif take yi?
Ya ce wuta in za ta ɗauke ba ta sallama;
mai tari kafin mutuwa, ƙishirwa ke damunta.
Shiga mu je, a gabana za ta yi.

Muka yi ta zagaye, Tudun Wada, Gyallesu, Wusasa,
har inuwar Kufena ta miƙe,
sannan ta yi tarinta.
Tsohon ya dira kamar yaro,
ya zare tiyon mai: ƙamas.
Ya busa ciki, ya ce in kara kunne a tanki.
Na ji ɓul-ɓul, na ji wani abu ya saki.

Da aka sauke tankin,
guntuwar baƙar leda ce ke iyo kamar tarwaɗa.
Famfo ya zuƙa, ta zo ta manne bakin bututu;
inji ya mutu, ta saki, ta koma wanka.

Na gane ta.
Daminar bara murfin tanki ya ɓace a layin mai,
na toshe da leda da tsumma,
na ce zuwa gobe.

Baba Jatau ya ɗora mini ita a tafin hannu,
bai ce uffan ba.

Da dare Hajo ta ce, wai me ya same ta ne?
Na ce tsufa.