Shekarar da Gora Ta Yi Fure

A bayan Riruwai, inda dutse ya sunkuyo yana shan rafi,
akwai cincirindon gora da ya girmi haƙorana.
Kawu Barmo ne ya kai ni, adda a kafaɗa.
Ya ce, "Kul ka kira ta itace.
Dangin dawa ce, ciyawa ce da ta ƙi kwanciya."

Na ga tsironta ya fasa ƙasa a tsakiyar damina
kamar ƙahon maraƙi, sanye da kube,
kuben da baƙin gashi mai ƙaiƙayi.
Na taɓa. Na kwana susa.

Da kaurin da ta fito, da shi za ta koma,
ba ta ƙara ko faɗin farce.
Sama kawai take so.
Kafa mata kara da magariba,
kafin asalatu ta wuce shi ba sallama.

Gaɓa, tazara, gaɓa,
a kowace gaɓa ido, a kowane ido reshe,
ganye siriri kamar bakin mashi
yana raɗa ko babu iska.
Kawu kan ƙwanƙwasa da ƙeyar adda ya kasa kunne:
'yar bana, mai farin gari a jiki, a bar ta ta sha ruwa;
'yar shekara uku, ta tuɓe kube, ta yi ruwan ɗorawa,
ita ce tsani, ita ce jinka,
ita ce sandar da ke bin shanu har Falgore.
Wata ka sara ka tarar da kogo,
wata cikinta a toshe kamar mai riƙon amana.

A ƙarƙashin ƙasa kuwa uwa ɗaya ce,
saiwa ta sarƙe saiwa, ba ka gane ta wa.
Daga nan Yaya Tambai ta ɓalli gindi ɗaya
da za ta tare a Tudun Wada,
ta dasa bayan ɗaki, kusa da randa.

Shekara talatin ban ga furenta ba.
Bana ta yi.
Dunƙule-dunƙule masu tsini, kamar 'ya'yan bushiya,
sun rataye a kowace gaɓa,
ƙwaya ta zuba kamar shinkafa,
ɓeraye suka yi sallar da ba a ga watanta ba.
Yara na murna. Kawu ya zauna a kan dutse,
ya ajiye adda, bai ce uffan ba.

Kafin kaka ta ƙare, duk ta bushe a tsaye,
babba da ƙarama, rana ɗaya aka yanka musu.

Sai ga wayar Tambai da daddare:
"Ilu, tawa ma ta yi fure."
Tafiyar yini tsakaninsu,
ba wanda ya kai saƙo.

Yau na dawo bakin rafin ni kaɗai.
Ƙarƙashin busassun sanduna
wasu 'yan koraye sun leƙo, ba su kai ɗan yatsa ba.
Na tsuguna ina kore awaki.