Makullin Akwatin Baiko

Shekara goma sha ɗaya makullin nan na rataye a wuyana.
Ran Lahadi, in an tashi sujada a Wusasa,
ni ke warware nairorin da gumi ya nannaɗe,
hamsin ta mai ƙosai, ɗari ta mai faci,
in ƙirga, in rubuta, in kulle,
in koma gida da yunwata.

Sai ga daren Talata a asibitin Shika.
Afiniki, 'yar autata, ƙasusuwanta sun sake tashi,
ciwon da ya ɗauke wanta shekarar da ruwa ya ci gero.
Tafin hannunta ya yi fari fat.
Likita ya ce jini leda biyu, kafin asuba.
Na laluba aljihu:
kuɗin mota, da ɓarin goro.

Mai jaraba bai zo da ƙaho ba.
Da muryata ya zo, a tausashe, kamar mai jaje:
"Aro ne fa, Irimiya.
Wa ke duba littafin in ba kai ba?
Kuɗin Uba ne, ita kuwa 'yarsa ce.
Ka binne ɗaya kana waƙar yabo,
me yabon ya saya maka?"

Ban iya ba shi amsa ba.
Na hau babur, muka bi ta Samaru, muka wuce Kwangila,
makullin na dukan ƙirjina kamar zuciya ta biyu.

A ƙofar majami'a na tsaya.
Dutsen Kufena na can, baƙi ƙirin, bai ce uffan ba,
sama ma haka.
Na sa makulli a kwaɗo, ya shiga sumul,
bai san dare ba, bai san rana ba.

Na ce, ya Yesu, ba ni da addu'a mai kyau yau.
Fushi nake da kai.
Ka ga hannun nan? Riƙe shi,
don ni na kasa.

Ba murya, ba walƙiya.
Kare ya yi haushi a bayan makaranta.
Sai na tuna hamsin ɗin mai ƙosai,
yadda take ɓoye ta a dunƙule don kunyar ƙanƙantarta.
Na zare makulli.

Ashe abin da ya fi sata wuya, roƙo ne.
Ni da ake gaisarwa da "Baba Ma'aji",
na bi ƙofa ƙofa da ƙarfe ɗayan dare.
Malama Damaris ta kwance bakin zani ba tambaya.
Filibus kafinta ya ba da kuɗin katakon mutane,
ya ce gobe ma yi bayani.
Wani ya leƙo ta taga, ya hure fitila.
Shi ma na yafe masa, amma sai da aka kwana biyu.

Kuɗin leda ɗaya suka kai.
Ɗan acaɓan da ke jirana, Sagiru, ko sallarmu ba ɗaya ba,
ya naɗe hannun riga, ya ce a gwada nasa.

Kada ku ce labarin ya ƙare da guɗa.
Afiniki ta ga safiya, ta sha koko, ta nemi madubi,
amma ciwon na nan, yana jiran sanyin damina.
Muryar ma tana nan, ta san hanyar gidana.

Bangaskiyata ba dutse ba ce.
Igiyar guga ce, duk ƙulli,
ta tsinke nan, an ɗaura can,
kullum dai tana komawa rijiya.

Lahadi ta zo. Na zauna, na ƙirga.
Hamsin ta mai ƙosai,
ɗari ta mai faci.
Lissafi ya cika. Hannuna ne bai daina rawa ba.